Maganar da Barmo Ya Sa wa Sunan Ubansa

Tanut, Litinin 15 ga Yuli 1985, bayan azahar

An tafi da Baba Barmo yau da hantsi. Masu kaki biyu suka je har ƙauyensu, gabas da Gangara, suka same shi a gona, suka sa shi a mota. Ba su taɓa lafiyarsa ba. Sun bar shi ya ɗauki sandarsa da butarsa. Aghali, direban da ke kai ni ƙauyuka, shi ya kawo mini labari bayan ya je ya gani da idonsa: tsohon yana cikin ɗakin ajiyar siminti da ke bayan babban biro, wato ofishin hukuma.

Abin da na sani ke nan. Abin da nake zato daban ne, ba zan gauraya su ba. Wannan kaɗai ya rage mini daga makarantar aikin jarida.

Litinin ɗin dai, gab da magariba

Bari in rubuta yadda aka faro, tun ban fara gyara wa kaina labarin ba.

Aikina ba shi da wuyar faɗi. Nakan tara mutanen ƙauye a gindin itace, in kunna musu shirin rediyo, su tattauna a kai, in ɗauki muryoyinsu a manyeto, in aika da kaset Yamai. Da can a jarida nake rubutu. Yadda aka yi na koma yawo da akwatin ɗaukar magana a Damargu, ba zancen yau ba ne.

Ran uku ga Agusta ƙasa za ta cika shekara ashirin da biyar da samun mulkin kai. Aka ce kowane yanki ya aiko da muryoyin dattawa a kan kalmomi huɗu: koke, aikin dole, haƙƙin da aka haifi mutum da shi, da mulkin kai. Na yi murna da aikin, ba zan ɓoye ba. Na karanta shelar 'yancin ƙasashe da dama, na ga kusan duk gininsu ɗaya ne. Ana farawa da faɗin abin da mutum ya zo duniya da shi, a jero abin da mai mulki ya tauye, sannan a ce daga yau mun raba hanya. Na so in ji ko tsofaffin Damargu, da ba su taɓa ganin takardun nan ba, za su yi irin wannan gini.

Sun yi.

Talata 16 ga Yuli, da hantsi

Hadari ya haɗu jiya a gabas, ya watse.

Bara ba a girbe ko zangarniya ba a ƙauyen su Barmo. Anza suka ci, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Duk da haka tsohon bai taɓa irinsa ba. Ya zuba geron a tulu, ya liƙe bakin da laka, ya binne a ƙarƙashin gadonsa. Jikokinsa suna kukan yunwa a kan tulun, bai buɗe ba.

Ran shida ga watan nan aka yi ruwan shuka, na farko mai kirki a shekara biyu. A ƙasar nan damshi ba ya jira. In ba ka zuba iri a kwana biyun farko ba, rairayi ya sha abinsa. Da gari ya waye, maimakon a tafi gona, sai saƙo ya iso: duk namiji mai ƙarfi ya fito bakin babbar hanya, a haƙa ramukan dasa itatuwa, a shafa wa duwatsu farar ƙasa domin biki. Wanda bai fito ba, ba shi a rabon hatsin taimako. Aka fita. Da suka dawo, ƙasa ta bushe.

Ranar Alhamis na isa da manyeto.

Barmo Badagire ne, Dagira kuwa reshen Barebari ne. Ni Bafillace ne, ko da yake a birni na tashi, ban taɓa tatsar saniya ba. Saboda haka taubasai muke. Yana iya zagina a gaban jama'a, in rama, ba mai riƙe wani a zuciya. Tun ina saukowa daga mota ya fara.

"Ga bawana ya iso da akwatinsa mai cin magana! Kai Buba, nono ne ya ƙare ka koma tatsar bakin tsofaffi?"

Na ce, "Baba, na duba ne na ga Dagira ba su da saniya, sai baki."

"Dube shi, kamar karan dawa da aka sa wa wando. Hajjo, kawo masa ruwa kada iska ta tafi da ɗan mutane."

Aka yi dariya. Na kunna akwati ana cikin dariyar, tana nan a farkon kaset.

Na tambaye shi aikin dole. Ya ce yana saurayi gardin Nasara, wato dogarinsu, ya zo ƙauyensu washegarin ruwan shuka, neman masu ɗaukar dutse zuwa bariki. Ubansa ya roƙa a bar masa yaron kwana biyu. Aka ce kumandan ba ya jiran ruwa. Shekarar nan dusa suka ci.

Na zo kan haƙƙin da aka haifi mutum da shi. Na yi bayani yadda na iya: abin da ba sarki ne ya ba ka ba, saboda haka sarki ba shi da ikon karɓewa. Ya ce kamar me? Na ce kamar rai, kamar faɗin abin da ke ranka.

Ya ce, "Ka manta babba, ɗan lakwal mai boko. In Allah ya sauko da ruwa, mutum ya je ya shuka. Wannan ba kumandan ya ba mu ba."

Sai na ce, "Yau fa, Baba?"

Ya dube ni. Ya gyara hularsa, ya miƙe zaune, ya ce in matso da akwatin. A Damargu mai kai koke gaban manya yakan fara da sunansa da na ubansa. Suna cewa maganar da ba ta da uba shegiya ce. Da zarar mutum ya yi haka, ba mai sake dariya a wurin.

"Ni ne Barmo ɗan Kyari. Ranar Lahadi ƙasa tana jiƙe aka kwashe mana maza zuwa shafa wa duwatsu fari. Ni ban yi lakwal ba. Ku da kuka yi, ku gaya mini sunan wannan. In ba aikin dole ba ne, a ba ni sunansa, in riƙa kiransa da shi."

Doka ce kaset ya bi ta babban biro kafin ya tafi Yamai. Ranar Juma'a na miƙa shi. A jikin manyeto akwai maɓalli ja mai goge magana. Ban taɓa shi ba.

Laraba 17 ga Yuli, bayan la'asar

Hajjo, 'yar Barmo, ta iso a bayan motar gawayi da ƙullin fura. Ba a bar ta ta gan shi ba, amma an karɓi furar. Ba ta san kowa a Tanut ba sai ni, don haka a gidana ta sauka. Matata Raishatu ta shimfiɗa mata tabarma a ɗakin yara.

Hajjo ta ce lokacin da masu kakin suka zo yana binne ne, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa a bar wa Allah. Ya zuba rabin tulun. Sauran rabin yana nan.

Ta ce yana tari tun sanyin bara. Ta faɗa sau biyu, ba ta dube ni ba.

Juma'a 19 ga Yuli, da asuba

Ba a yi ruwa ba. Na goge kan manyeto da auduga.

Asabar 20 ga Yuli, da azahar

Mai shayin bakin tasha, da kullum yake kirana in zo in ba su labarin duniya, yau ya sunkuya yana fifita gawayin da ya riga ya kama. Ban ga laifinsa ba. Yana da 'ya'ya.

Aghali kaɗai bai sauya ba. Ya same ni a inuwar mota, ya miƙo mini ƙaramin kofin shayinsa. Mushe yake kirana, wato malam da Faransanci.

"Mushe, mu a daji in raƙumi ya yi kuka, ba ma tambayar wanda ya koya masa. Kayan da ke bayansa muke dubawa."

Na ce ya rage murya.

"Da Buzanci zan faɗa, ba mai ji. Ko akwatinka ya iya Buzanci?"

Na ce akwatina ba ya jin kowane harshe, maimaitawa kawai yake yi. Ya ce to shi ya fi kowa haɗari a garin nan.

Litinin 22 ga Yuli, bayan azahar

An kira ni babban biro. Wani baƙo ne ya zo daga birni domin wannan magana. Ba zan rubuta sunansa ba. Mutum ne mai natsuwa, tsarata, ya yi karatu. Ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar iyali. Ya ce ya taɓa karanta rubutuna a jarida, ya ji daɗinsa.

Ya kunna kaset ɗin tun daga farko. Ya yi murmushi a wurin karan dawa mai wando. Da aka zo ƙarshe ya kashe.

Ya ce, "Mushe Buba, kun fi ni sanin ma'anar kalmar nan. Aikin dole abu ne na Nasara, an soke shi tun kafin mulkin kai. Wanda ya ce yau akwai shi, ya ce ba a sami mulkin kai ba. A shekara irin wannan, ga yunwa, ga masu gudun yunwa a sansani, magana irin wannan wuta ce."

Na ce tsohon tambaya ya yi, bai yanke hukunci ba.

"Tambayar da amsarta ke cikinta." Ya juya kaset ɗin a hannunsa. "Ba na son tsoho ya mutu a kan buhun siminti. Akwai hanya mai sauƙi. Ku taubasai ne, kowa ya ji a nan. Ku shiga da akwatinku, ya ce wasa yake da Bafillacensa. A kunna wa mutanen ƙauye su ji. Ranar ya kwana a gidansa."

A gaskiya da na fito na ji sanyi a raina. Na ga ƙofa ce, kuma ba ƙarya ce tsantsa ba. Ai da wasa aka fara.

Talata 23 ga Yuli, da hantsi

Na sayi sababbin pil, wato batiran manyeto. Hadari ya haɗu, ya watse.

Laraba 24 ga Yuli, bayan la'asar

Na gan shi.

Ɗakin yana da taga guda, can sama. An ba shi tabarma. Ƙurar siminti ta yi masa fari a gemu da gira. Ya rame, amma idonsa yana nan yadda na san shi. Mai gadi ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya mana baya.

"A'a! Bawana ya zo gaida ubangidansa. Me ka kawo mini? Kada ka ce nono, na san ka shanye a hanya."

Na durƙusa na gaishe shi. Na ba shi goro da maganin tari. Sannan na gaya masa abin da baƙon ya ce, kalma da kalma, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa ya ce, "Wane wuri zan ce wasa ne?"

Na ce duka.

"Karan dawa wasa ne. Har yanzu ma kana kama da shi. Amma Buba, kai da ka yi yawon duniya, ka taɓa jin inda aka sa sunan uba a wasa?"

Na ce, "Baba, ku dubi jikinku. Kalma ɗaya ce."

"Kalma ɗaya ce a wurinka, da kake sayar da su buhu-buhu. Kyari ya roƙi kwana biyu aka hana shi, ya mutu bai faɗa wa kowa ba, don ba wurin faɗa. Ni na sami wuri na faɗa da sunansa. Yanzu in koma in ce wa mutanen garinmu raha muke yi ni da shi? In mai da shi ɗan wasa a cikin kabarinsa?"

Sai ya ƙara da cewa:

"Kai ne fa ka ce akwai abin da sarki bai ba ni ba. Ko shi ma wasa kake?"

Na ce ba wasa nake ba.

"To, kunna akwatin, kada pil ɗinka su tafi a banza."

Na kunna. Ya ce, "Hajjo, sauran irin nan kada ki zuba shi a busasshiyar ƙasa. Ki jira ruwa. In an yi, kada ki jira ni." Ya yi mini alama in kashe.

Alhamis 25 ga Yuli, da azahar

Na kai wa baƙon amsa. Bai yi fushi ba. Ya ce ya san tsofaffin nan, kansu kamar dutsen niƙa. Sai ya ce ba lallai sai muryar tsohon ba. Tawa ta isa. Ni ne taubashin, ni na san lokacin da ake wasa. In faɗa a kaset cewa raha ce daga farko har ƙarshe, a kunna a ƙauye, a sallame shi. Ya ba ni zuwa Laraba, don yana son a rufe zancen kafin biki.

Na kunna wa Hajjo saƙon ubanta. Ta saurara da kanta a sunkuye. Ta ce in sake. Na sake. Raishatu ta riga ta gaya mata abin da baƙon ya nema a wurina.

"Mushe, ku kuka kawo akwatin nan garinmu."

Na ce haka ne.

"Kafin ku zo, in ransa ya ɓaci a gindin itacen bedi yake faɗa, iska ta tafi da shi. Yanzu an ce bakinku kaɗai ya isa ya fito da shi. Me kuke jira?"

Na ce ya ƙi a kira maganarsa wasa.

"Shi ya ƙi. Ku ai ba ubanku ba ne Kyari. Ya fito ya yi fushi da ku, ya zage ku shekara goma, ba ga shi da rai ba? Ba a ce taubashi ba ya hana taubashinsa abin da ya roƙa ba? To, ni 'yarsa ce, na roƙa."

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Asabar 27 ga Yuli, da asuba

Ba a yi ruwa ba. Na goge kan manyeto. Ba shi da datti.

Lahadi 28 ga Yuli, bayan la'asar

Raishatu tana tsince shinkafar taimako a faifai, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, tun Alhamis kake zagaya akwatin nan kamar kaza da ƙwai."

Na ce ina tunani.

"Da tunanin nan aka ɗauko mu daga Yamai aka kawo mu nan. Gaba da nan kuma sai ina? Bilma, can ƙuryar hamada?"

Na ce in na faɗi abin da ake so, za a tara mutanen ƙauyen a gindin bedin nan, su ji muryata tana cewa Barmo ɗan Kyari raha yake. Duk sun san ba raha ba ce, suna wurin. Abin da za su koya shi ne ko sunan uba ana iya gogewa. Bayan haka ba mai sake miƙewa zaune ya faɗi sunansa.

Ta ce, "In kuma ya mutu a ɗakin nan, me za su koya?"

Ta zubar da tsakuwar da ta tsince a bakin ƙofa.

Can ta ce, "Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Na dai ce akwai mutum a cikin ɗakin, ba kalma ba."

Talata 30 ga Yuli, da hantsi

Mai gadi ya gaya wa Aghali cewa tsohon bai sha furar jiya ba. Tarin ya ƙaru.

Na sake duba takardar da aka aiko mana da ma'anar kalmomin huɗu. A ƙarƙashin koke an rubuta: ƙorafin da talaka ke kaiwa gaban mai mulki domin a gyara. A ƙarƙashin mulkin kai: lokacin da mai jin koken ya zama ɗan ƙasa. Ni na juya su zuwa Hausa da hannuna a watan jiya. Na duba ko akwai kuskure a juyin. Babu.

Na lura da abu guda da ban tsaya a kansa ba tun farko. Baƙon ya kunna kaset gaba ɗaya a gabana, ya ji wanda ya ce "yau fa". Bai ambace shi ba ko sau ɗaya. Ya bar mini shi a ajiye.

Laraba 31 ga Yuli, bayan azahar

Na je da manyeto. Baƙon ya sa aka kawo shayi. Ya ce in ɗauka a gabansa, a gama.

Na kunna. Abin da na faɗa ke nan, na rubuta shi tun ban manta ba:

"Ni ne Buba ɗan Sambo. Ina wurin ranar Alhamis ɗin. Farkon maganar wasa ne, tsakanina da taubashina. Daga inda ya faɗi sunan ubansa, ba wasa ba ne, kowa a Damargu ya san haka. Ni na koya masa kalmar haƙƙi a ranar. Ni na ce masa, yau fa? Tsoho ne da aka yi wa tambaya a gaban jama'a ya amsa. Ni na ɗauka, ni na kawo kaset ɗin ban goge ba, kuma na san ma'anar kowace kalma a cikinsa. In akwai wanda zai amsa laifin maganar nan, mai tambaya ne."

Na kashe.

Baƙon ya daɗe yana duban taga. Ya ce, "Na buɗe muku ƙofa, kun kawo mini wata."

Na ce wannan ce kaɗai na ga za ta ishe mu mu biyu, ni da tsohon, ba tare da ɗayanmu ya sunkuya ba.

"Ba ta ishe ku ku biyu ba. Mutum ɗaya take ɗauka." Ya cire kaset ɗin ya sa a aljihu. "Kun san abin da kuka yi?"

Na ce na sani.

Ya ce in bar manyeton a kan tebur. Kada in bar gari. Game da tsohon bai ce kome ba, ni ma ban tambaya ba, don na ga in na tambaya zai zama ciniki.

Na fito hannu sake. Shekara huɗu ke nan ban yi tafiya a Tanut ba tare da nauyin akwatin a kafaɗata ba. Sai na riƙa karkata gefe guda.

Alhamis 1 ga Agusta, da hantsi

An yi ruwa da asuba. Mai yawa. Ya zo daga gabas, ya bi ta wajen Gangara.

Hajjo ta ɗaure kayanta tun kafin ya ɗauke. Aghali ya samo mata wuri a motar da za ta bi ta ƙauyensu. Na gaya mata abin da na faɗa jiya. Ta saurara har ƙarshe.

"Ya fito?"

Na ce tukuna.

"Ku kuma za a tafi da ku?"

Na ce mai yiwuwa.

Ta gyara ƙullin a kanta. "Ku maza da sunayen ubanninku. Ni iri zan je in zuba."

Ta rungumi Raishatu. Ni ta ce mini sai wata rana, daga bakin ƙofa. A Damargu shukar farkon Agusta caca ce, amma akan ci wani lokaci, in ruwa ya kai ƙarshen Satumba.

Juma'a 2 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

An aiko. Litinin da safe akwai mota zuwa Damagaram, in zo da kaya kaɗan. Raishatu ta wanke mini riguna biyu. Ba ta ce kome ba a kan Bilma.

Ruwan jiya ya wanke farar ƙasar duwatsun bakin hanya. Yau an sa 'yan lakwal suna sake shafawa. Ba a kira kowa daga ƙauye ba. Ban san ko wannan yana da nasaba da wani abu ba, don haka na rubuta shi yadda yake.

Asabar 3 ga Agusta, da hantsi

An ɗaga tuta, an yi jawabi, an dasa itatuwa. Daga tsakar gida na ji. A rediyon maƙwabci an sa muryoyin dattawan yankuna suna bayyana kalmomi huɗu. An sa na Tarka, an sa na Tenhiya. Na Gangara babu.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Aghali ya shigo ba sallama, rawaninsa a warware.

"Mushe, ƙofar ɗakin siminti a buɗe take. Na leƙa. Tabarma tana naɗe a jikin bango."

Na ce sanda da buta fa?

"Babu su."

Na ce an sake shi ne, ko an sauya masa wuri, ko likita aka kai shi?

"Mai gadin sabo ne, bai san kome ba. Na je likita, ba ya can. Amma mai shayin tasha ya ce da sassafe ya ga an ɗora wani tsoho a gaban motar da ta yi wajen Gangara. Yana tari. Wai da direban ya miƙa masa hannu ya hau, sai ya tambaye shi ko shi Bafillace ne, don hannun ba ƙarfi."

Raishatu ta ajiye muciya ta rufe bakinta da gefen zane. Ban san ko dariya take ba.

Na tambaya ko mai shayin ya san fuskar Barmo. Aghali ya ce a'a, bai taɓa ganinsa ba.

Motar za ta dawo gobe da yamma. Sai an tambayi direban. Zuwa yanzu abin da aka tabbatar shi ne ɗakin ba kowa, kuma tsoho guda mai sanda da buta ya bar Tanut da safe. Ba a tabbatar shi ne ba.